Jan Biro a Bayan Littafin Lissafi

Ranar Litinin ce, tsakiyar damina. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke kafin ƙarfe shida. Na share tsakar gida, na ɗebo ruwa guga huɗu. Inna ta dama kunu, ƙanwata Asabe tana goye a bayanta tana tsotsar yatsa. Muna hutun makaranta. Shekarata goma sha biyu, na gama aji biyar. A makon da ya wuce aka yi zaɓe, ana jiran sakamako.

Gidanmu a Ƙaura Namoda yana bayan tashar jirgin ƙasa. Baba mai gyaran rediyo ne, zauren gidan shi ne shagonsa. Duk rediyon da aka kawo masa, sai ya yanki filasta ya manna a baya, ya rubuta da jan biro: Mai shi, sannan sunan mutumin. Bai taɓa ba wani kayan wani ba. A bango ya liƙa hotunan da ya yanko daga mujallu. Akwai wani baƙin ɗan dambe na Amurka, da wani mai gemu da hula mai tauraro, da 'yan makarantar Afirka ta Kudu suna gudu, hayaƙi a bayansu. Leburorin tasha sukan taru wurinsa su ji labaran duniya. Baba ɗan jam'iyyar talakawa ne. Yakan ce wanda ya harbi yaran can da wanda ya ɓoye takin manoman Ƙaura, nono ɗaya suka sha. Ni ina bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, ina saurare. Ba na magana a gaban mutane. Ko a aji, in malam ya kira sunana, sai muryata ta maƙale.

Akwai silima marar rufi kusa da mu. Ba a barin mu zuwa, amma sauti yana tsallako katanga. Ban taɓa ganin fim ɗin Indiya ba, amma na haddace karin waƙoƙinsu. Wata rana ina wanke kwanuka, sai na ɗora maganganun Baba a kan ɗaya daga ciki. Na rubuta a shafin ƙarshe na littafin lissafina:

Taki ya zo a jirgin ƙasa,
ya kwana gidan mai jar mota.
Shinkafa ta zo daga bayan teku,
mu ko ƙamshi kaɗai muka samu.

Kowa a garin ya san mai jar mota. Shi ne babban ɗan jam'iyyar da ke mulki a wajenmu. Rifkatu, 'yar maƙwabcinmu ma'aikacin jirgin ƙasa, benci ɗaya muke zama da ita. Ta gani, ta kai dandali wurin gaɗa, bayan ta rantse ba za ta faɗi sunana ba. Cikin mako biyu, motar jam'iyyar talakawa mai lasifika tana yawo da waƙar har Shinkafi. Mutane suka ce ai ta Malam Sani mai rediyo ce, wa ke irin wannan magana in ba shi ba? Na ji wani lebura yana tsokanarsa: "Malam Sani, wagga waƙa taka ce, bar ɓoyo." Baba ya yi dariya ya ce, "Ni da ko kiran kaji ban iya ba?" Ya ci gaba da aikinsa. 

Ƙarfe tara na safiyar Litinin ɗin, rediyo ya faɗi sakamako. Masu mulki sun koma. Leburori uku da ke zaure suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Baba ya rage murya, ya jawo wani rediyon ya fara kwance shi.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci muka fara jin ganga daga wajen kasuwa. Sai ƙahon mota, ana dannawa ba ɗagawa. Sai ƙarar ƙofofin shaguna ana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa. Inna ta ba ni ragowar kunu in kai wa Baba. Ina isa bakin asabari na ji burki.

Na tsaya a wurin da kwanon a hannuna. Ta tsakanin karan asabari nake gani. Samari ne suka sauko daga mota, sun kai goma, da gora da adda, ɗaya da jarka. Na gane guda, mai sayar da rake a ƙofar makarantarmu, wanda haƙorinsa na gaba ya karye. Ya sha ƙara mini gaɓa ɗaya kyauta.

"Ina mai waƙa? Ya hito!"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kalma biyu ce kawai, ni ce. Ba abin da ya fito. Kunu yana zuba a kan yatsun ƙafata, da zafi, ban motsa ba.

Baba ya waiga. Bai dubi fuskata ba, ƙasan asabari ya duba, inda ƙafafuna suka leƙo. Ya matsa taku ɗaya, ya tsaya a gabansu, rigarsa ta rufe mini gani.

"Ni na yi ta."

Daga nan ban ga komai ba sai farar rigarsa, sannan ita ma ta faɗi. Ƙarar gora a jikin mutum ba ta da amo. Kamar ana bugun buhun dawa take. Bai yi ihu ba, salati yake yi, ana katse shi. Suka ja shi waje ta ƙafa. Suka shiga jefa rediyoyi kan titi. Ɗaya ya faɗa cikin taɓo bai mutu ba, yana ta kiɗan murnar zaɓe.

Inna ta fizgo ni ta baya. "Hajara, katanga! Maza!" Na ƙwace, na shiga ɗaki na ɗauki littafin lissafin, na cusa cikin zanena. Tsoro nake kada su gani. Inna ta kifa turmi, ta ɗora ni, ta miƙo mini Asabe, sannan ita ta hau. Muka dira gidan su Rifkatu.

Maman Rifkatu ta tura mu ɗakin girki, bayan tulin itace, ta rufa mana buhu. Daga sha ɗaya har aka kira azahar muna nan. Warin fetur ya fara zuwa, sannan warin roba tana ƙonewa. Batura suna fashewa ɗaya ɗaya, kamar ana soya gurguru. Asabe ta so yin kuka, Inna ta ba ta nono. Rifkatu ta kawo mana ruwa a moɗa. Ta dube ni, na dube ta. 

Ƙarfe biyu Baban Rifkatu ya shigo da kayan aikinsa a jiki. Ya ce ana tambayar ina iyalin suke. Inna ta ce, "Shi fa?" Ya ce abokan aikinsa sun sa shi a mota, an nufi Gusau da shi. Bai dubi idonta ba. Ya fitar da mu ta ƙofar baya, muka bi gefen layin dogo, muka shiga gonakin gero. Geron ya fi ni tsawo, ganyensa yana yankar hannu. Na waiga sau ɗaya. Hayaƙin gidanmu baƙi ne, ya miƙe sak, don babu iska.

A bakin hanyar Zurmi ya tsayar mana da wata babbar mota mai ɗauke da buhunan gishiri. Muka hau baya, tare da wasu mata biyu da wani tsoho da akuyarsa. Ba wanda ya tambayi wani daga ina.

Ƙarfe huɗu saura muka tarar an gitta gungume a hanya. Samari ne da gora, sun ɗaura ƙyallen jam'iyya a ka.

"Kowa ya ɗaga hannu! Wa ya ci zaɓe?"

Tsohon ya ɗaga. Matan suka ɗaga. Inna ta ɗaga, ta faɗi sunan jam'iyyarsu da ƙarfi, fuskarta ba komai a ciki. Ni ma na ɗaga. Littafin yana manne da cikina, ya jiƙe da gumi. Da suka janye gungumen sai suka kama waƙa suna tafi. Karin nan ne, nawa, wanda na ɗauko daga bayan katangar silima. Sun cire kalmomina sun sa yabon mai jar mota. Har muka sha kwana ina jin su.

Mun isa Zurmi rana ta yi ja. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ta san dangin Inna, ta ba mu tabarma. Da gari ya waye muka kama hanyar Gurbin Ɓore, garin su Inna. Wani mai amalanken shanu ya rage mana hanya, saura muka taka. Wani rafi ya cika, ruwa har ƙirjina. Inna ta ɗora Asabe a kafaɗa. Ni na ɗaga littafin sama da hannu biyu, ruwa ya tafi da takalmina ɗaya. Inna ta ce, "Ɗiyar nan, mi ke cikin takardag ga?" Na ce lissafi ne. Ba ta yi boko ba. Ba ta sake tambaya ba.

Kawu ya karɓe mu. Kwana takwas Inna tana fita bakin hanya da hantsi, tana duban kowace mota. A rana ta tara Baban Rifkatu ya sauka daga ɗaya, riƙe da hular Baba a cikin leda. Tun ranar Litinin ɗin ya cika, kafin su kai Gusau. A can aka yi masa sutura.

Washegari da safe, mata suna cike da tsakar gida wurin gaisuwa, na zaga bayan rumbu da littafin da ashana. Tun da Rifkatu ta ga waƙar ban sake buɗe shafin ba. Niyyata in yage shi in ƙone. Na buɗe. Ga layukana huɗu da fensir. A ƙasansu akwai ɗan yankin filasta, an manna shi daidai, ba karkace. Jan biro ne, rubutun da na sani a bayan kowane rediyo.

Mai ita: Hajara Sani.

Ban san ranar da ya gani ba. Bai taɓa nuna mini ba, ko da ido.

Ba mu koma Ƙaura ba. Ban shiga aji shida ba. Rifkatu ban sake ganinta ba, an yi wa babanta canjin wurin aiki. Asabe ta girma ba ta san muryar Baba ba. Inna ta rasu tana cewa waƙarsa ce ta kashe shi, ban gyara mata ba. Mu huɗu muka sha kunu a safiyar nan, uku muka ƙetare rafi. Littafin yana ƙasan akwatina. Fensir ɗin ya kusa gogewa. Jan biron ya koma ruwan ƙasa, amma har yanzu ana iya karanta sunan.