Motar da Malam Ya Tayar

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga koyarwa na gane cewa namiji yana iya ruɓewa a zaune kamar doya. Mutumin da yake riga kowa tashi a gidan, yana goge takalmi yana waƙar coci, sai ga shi ya koma kan kujerar roba a ƙofar gidanmu a Samaru, yana bin ɗalibai da masu keke napep da ido tun safe har yamma. Abinci sai na yi da gaske yake taɓawa. Ya daina zuwa koyon waƙa. Likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, ni kuwa na san ba ƙalau ba. Malam, haka nake kiransa, yana ƙarewa ne a hankali a gaban idona, kuma ba ni da maganin abin.

Ana cikin haka wata rana na dawo daga zumuntar mata na tarar an turo wata mota tsakar gidana. Na ce mota ne don ba ni da wani sunan da zan ba ta. Tsohuwa ce ƙirar Jamus, ta wani malamin jami'a da ya tafi ƙasar waje ya bar ta a bayan gida, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, har danginsa suka gaji suka nemi mai saye. Cikin duk mutanen Zariya, mijina suka samu. Da ya ɗaga bonet, ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya yi gini a jikin injin. Baƙin man ya daskare kamar kwalta. Abin da ya fito daga lagireto kuwa ruwan tsatsa ne mai wari.

Na ce, “Malam, wannan fa?”

Ya ce wai samari sun share wani fili bayan Hanwa, sun jera tsofaffin tayoyi sun yi hanya, suna wasan mota duk Asabar. Wai a ƙarshen shekara sukan ware zagaye na tsofaffin motoci, shi ne zai gyara wannan ya shiga.

“Da furfurarka?”

“Da ita, Maman yara.”

Na yi tsaki na shige kicin. Na raina motar, na raina wasan, kuma har yau ban ga abin burgewa ba a ce mutum da hankalinsa yana zagaya fili ɗaya ba tare da ya je ko'ina ba.

Kafin mako ya zagayo gidana ya zama majalisa. Abokan Malam, waɗanda duk zaman da ya yi a kan kujera ba wanda ya leƙo ya ce yaya jiki, sai ga su ɗaya bayan ɗaya, kowa da hannu a baya yana leƙa inji. Babbansu wani dattijo ne a cocinmu, mai tumbi da ƙatuwar murya, tsohon ma'aikacin ofis. Shi ya tsaya wa Malam a bikinmu, saboda haka ko yarana Baba suke ce masa, ni ma haka. A saninna bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba, amma babu injin da bai sani ba a duniya. Shi ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto ya toshe yoyo. Shi ya ce a zuba baƙin mai mai kauri hayaƙi zai ɗauke, a yanke salansa don mota ta yi ƙara. Yana faɗi yana cin gyaɗata, yana watsa ɓawon inda na share.

Makaniken da Malam ya ɗauko daga Sabon Gari wani Bayarabe ne haifaffen Zariya, wanda Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsa. Shi ma ba waliyyi ba ne. In ya ce gobe, to a sa rai da jibi, in ya zo kuma sai an ba shi abinci kafin ya taɓa sifana. Amma ya faɗi gaskiya ɗaya: injin nan sai an sauke shi gaba ɗaya an sa sabon ringi, ba dabarar ƙwai. Majalisa ta yi gunaguni. Malam ya bi maganar makanike, da sharaɗin cewa da hannunsa za a yi komai.

Babbar robar wankina ta tafi a wannan hidimar. A cikinta yake jiƙa ƙarafa da kananzir, ya zauna a tabarma da tsohon buroshin haƙori yana goge su ɗaya-ɗaya, ya jera a kan buhu. Duk abin da ya mutu sai ya ƙulle shi a leda ya hau mota zuwa Sabon Gari, ya bi shagunan kayan gyara na wajen PZ yana gwadawa da sabo. 'Yan kasuwar nan kowa rantsuwa yake nasa ne na asali, har wanda fentinsa bai gama bushewa ba. Sun cuce shi a fulogi, sun cuce shi a fanbel, ya koma ya yi ta rigima har aka canja masa. Mutumin da a da ko gishiri ba ya iya tayawa a kasuwa.

Yakan dawo da yamma wujiga-wujiga, farce baƙi, ya ce, “Maman yara, akwai sauran tuwo?” Ya cinye ya nemi ƙari. Wata safiya ina shara na ji murya daga ƙarƙashin mota, ashe Malam ne yake rera waƙar da rabona da jin ta a bakinsa tun yana aiki. Na tsaya da tsintsiya a hannu, hawaye suka zo mini. Ban daina raina motar ba, amma daga ranar na fara sa ta a addu'a. Na ce Ubangiji, ko don wannan bawan naka, ka sa ƙarfen nan ya tashi.

An canja lagireto, an ja sababbin wayoyi, an wanke tanki, an gyara birki. Da damina ta ja baya aka mayar da injin mazauninsa. Ranar da za a tayar, majalisa ta cika tun hantsi. Malam ya murza makulli, ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta yi tari, ta tofar da hayaƙi har kajin maƙwabta suka watse, sannan ta kama. Hayaƙin ya washe, ƙarar ta kwanta sumul. Malam ya ɗora tafin hannu a jikinta yana dariya shi kaɗai.

A nan makaniken ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce, “Oga, ka ji ni da kyau. Sabon ringi jariri ne. Yau a bar shi yana silo, yana aiki a hankali mota na tsaye, har yamma. Bayan nan ka yi ta lallaɓa shi wata guda ko fi, ban da gudu, ban da taka totur. Sai mun zubar da wannan man mun sa sabo, sannan ka je filinka. In ka matsa masa yanzu, zai buga.” Kowa ya ji. Baba mai tumbi yana zaune a kan bencina, kusa da makaniken, har da gyaɗa kai.

Malam ya riƙe wannan magana kamar aya. In zai kai ni kasuwar Samaru, tafiya muke kamar masu rakiyar amarya, masu babur suna danna mana hon suna wucewa. Kunya takan ishe ni, shi kuwa ko a jikinsa. Mu ɗan yi nisa ya tsaya ya duba ruwa, ya zaro sandar mai ya goge ya mayar.

Ba a kai rabin wa'adin ba, wata Asabar ya ce mu je ya ga filin da idonsa, kallo kawai. Majalisa ta cika kujerar baya. Filin dai ga shi nan: 'ya'yan masu hali suna ƙona tayar da ba su san kuɗinta ba, mota tana juyi tana ihu, 'yanmata sun ɗaga waya suna ɗauka, wari kamar an cinna wa bola wuta. Na toshe hanci da gefen gyale. Amma da samarin suka hango motarmu sai suka yo kanta, suka kewaye Malam. “Baba, ina ka samo wannan? Wallahi ta haɗu!” Malam ya ɗaga musu bonet yana nuna abin da ya yi da hannunsa, suna saurare kamar 'yan aji. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

Sai Baba mai tumbi ya kutsa tsakiya ya miƙa hannu.

“Malam, ba ni makulli in ɗana motan nan. Zagaye ɗaya.”

Malam ya yi murmushin yaƙe ya ce ai injin bai gama zama ba.

“Haba! Ni za ka gaya wa inji? Ko ba ka yarda da ni ba ne, a gaban yaran nan?”

A wajenmu ba a hana babba abu a bainar jama'a, balle wanda ya tsaya maka a aure. Mutum ya gwammace a yi masa ɓarna da a ce ba shi da kara. Shi ma Baban ya san haka, shi ya sa bai roƙa a gida ba, sai a nan. Malam ya dube ni. Na ce, “Baba, ai kana nan makanike ya ce...”

Baba ya katse ni. “Maman yara, maganar maza ce.”

Da hannu biyu mijina ya miƙa masa makullin. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “A hankali dai.”

Mutumin nan ya cusa tumbinsa bayan sitiyari ya take totur har ƙasa. Motar ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Samari suka ɗauki sowa, shi kuma ya ji daɗi, ya fito da hannu ɗaya ta taga yana ɗaga musu. Ya gama zagayen da ya roƙa ya shiga na biyu. A can ƙarshen filin ƙarar ta canja, ta koma kamar ana daka a turmin ƙarfe. Hayaƙi ya turnuƙe, motar ta ɗan gangara ta tsaya, baƙin mai yana bin ƙasa a bayanta. Wani saurayi kusa da ni ya ce, “Kai, injin ya buga.”

Baba ya fito yana kaɗe riga, ko kunya babu. “Ai na faɗa tun farko, ringin nan jabu ne. Gara da ya nuna halinshi a hannuna, da kai ne ciki ranan tsere fa?”

Na jira Malam ya yi magana. Na jira ya yi irin rigimar da ya koya a shagunan Sabon Gari. Ya daɗe yana kallon man da ke tsiyaya, sannan ya ce, “Ba komai. Mun gode Allah da ba ka ji ciwo ba.” Sauran majalisar suka amsa da amin. A ranar na raina su duka, raini na har abada, kuma na ji haushin mijina kamar in kama shi in girgiza.

A-kori-kura aka samo ta ja mu da igiya. Majalisa ta ɗare bayanta, Baba ya shige gaba kusa da direba, wai bayansa na ciwo. Ni da Malam muka zauna cikin matacciyar motar, yana riƙe da sitiyari, ba ƙarar komai sai ta taya. A haka muka wuce Hanwa. Da muka hau titin Samaru na haɗiye haushina na ce, “Malam, ranar Litinin mu je Sabon Gari tare. A sake sauke shi. Ni zan riƙa wanke maka ƙarafan.”

Bai ɗauke ido daga igiyar ba.

“Bari kawai, Maman yara,” ya ce. “Na gaji.”

Bai sake ɗaga bonet ɗin ba.