Hannun Riga a Sahun Baba Maharazu

Baba Maharazu maƙwabcinmu ne a Yargoje. Dawa da auduga yake nomawa, amma ya yi soja, kuma ƙarar bindiga ta cinye mishi kunne a yaƙin Bama. In aka ce mishi kurma sai ya ɓata rai.

"Ni ba kurma ba ne," yakan faɗa da ƙarfi, don bai jin muryar kanshi. "Likitan Turawa ya duba ni, ya ce def."

Kalmar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, har na sa maigidana, Allah ya jiƙan shi, ya tambaye shi. Baba ya ce Turawa da ita suke kiran wanda bai ji ko kaɗan, da mai ji sama-sama, har mai kunnen ƙashi. Na ce a raina, to ai kurma ke nan, sai dai ita ba ta yi mishi ciwo.

Wahalarshi a masallaci take. A tsaye yana ganin mutane ya bi su, amma in goshi ya taɓa ƙasa bai jin kabbarar liman. Don haka kullum maigidana ke tsayawa a damanshi. In zai ɗago daga sujada, sai ya bar hannun rigarshi ya shafi bayan hannun Baba. Liman ya ce babu laifi. Ban da mu da liman, ba wanda ya sani.

Da maigidana ya rasu, ina cikin takaba, na lura ta kafar zana tsohon takalmin sojan Baba ya daina zuwa ƙofar masallacin da ke kusa da mu. Na tambayi Audi, ƙanen marigayi.

Ya tuntsire da dariya. "Yaya, ai Def ya yi sujada ran nan har muka sallame! Yana ɗagowa ya ga muna kallonshi. Tun ranar a gida yake sallah."

"Kai kana ina a sahun?"

"A damanshi mana."

Na gaya mishi abin da yayanshi ke yi. Dariyar ta tsaya. Ya dubi 'yar sharar da ke jikinshi ya ce, "To ni tawa ba ta da hannu."

Na shiga ɗaki na ɗauko rigar marigayi da ta faɗo a rabona. Audi ya saka, ta yi mishi yawa. Ya tarar da Baba a ƙofar gida yana tufkar igiya, ya durƙusa ya shafa mishi hannun rigar a bayan hannu. Baba ya daɗe yana kallon rigar.

Da la'asar na ga takalmin a wurinshi. Ana fitowa na ji muryar Baba har cikin gida: "Kai Audi, saurin me kake? Ko tasbihi ban gama ba ka shafo ni!"

"Liman ne mai saurin, Baba!"

"Me ka ce?"