Rabin Ƙwaya

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana ido da ido. In tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa ƙanwata, ko ta faɗa wa iska alhali ina tsaye. A Kusada wannan kunya ce, har yaba mata ake yi. Ni ma ban ga aibun abin ba sai da na kai ta Ingila.

Ina karatu a can matata ta haihu. Mahaifiyarta ta rasu, sai Inna ta ce ita za ta je ta kula da mai jego. Ta iso da daddawa da kuka da kanwa, da kuma maganinta na hawan jini. Likita ya rubuta mata shi sau ɗaya a Kankia, shekaru da dama da suka wuce. Tun daga nan mai kemis na bakin kasuwar Kusada yake zuba mata a 'yar farar leda, ya ja sanda ɗaya da biro, wato ɗaya kullum da safe. Babu suna a jiki, babu kwali. Ita dai ta san shi da "ɗan farin nan."

Maganin wata biyu ta riƙo. Aiki aka yi wa matata wajen haihuwar, jikinta bai yi ƙwari da wuri ba, sai na ɗage tafiyar Inna zuwa wata uku. Na tuna da tikiti, na tuna da takardun zama, amma wallahi ko sau ɗaya maganin bai faɗo mini a rai ba. Ita kuma ba ta ce uffan ba.

Matata ce ta same ta a kicin wata safiya tana raba ƙwaya gida biyu da wuƙar yanka albasa. Ta tambaye ta, Inna ta ce sati uku ke nan tana shan rabi rabi don ya kai ta gida. Da matata ta ce me ya sa ba ta faɗa mini ba, sai ta ce, "Haba ke kuwa, mi za ni ce mashi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga wanda zan yi wa faɗa ba. Na ɗauki ledar na nufi kantin magani na unguwarmu, da tunanin abin da na saba: ka nuna, a ba ka. Baturiyar da ke wurin ta juya ledar ta sake juyawa, ta ce ba ta san ko wane magani ba ne, kuma ko da ta sani ba za ta bayar ba sai da takardar likita. Na ce mata na hawan jini ne fa, ba ƙwayar maye ba, tsohuwa ce ke sha. Har na ɗaga murya, mutane suka juyo suna kallona. Ta bar ni na gama, ta rubuta mini lambar asibitin unguwa. Yau na san gaskiyarta ce, ranar kuwa ji na yi kamar in kife kantin.

Na buga waya, na ce ina son a rubuta wa mahaifiyata magani. Ban ce ta yi sati uku tana shan rabi ba, ban ce tana kukan ciwon kai ba, don ciwon kan ni ma ban san da shi ba a lokacin. Suka ba mu kwana huɗu. Na kira ƙanwata da ke aure a Kankia, ta hau acaɓa zuwa Kusada don ta ɗauko mini hoton kwalin maganin a wurin mai kemis. Ta tarar mai kemis ya tafi gaisuwar mutuwa Dudunni, sai washegari hoton ya iso. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ana gobe za mu ga likita, da hantsi, Inna tana haɗa ruwan wankan jariri moɗa ta suɓuce daga hannunta. Matata ta ƙwala mini kira. Na tarar da ita zaune a ƙasa, bakinta ya karkace, tana son yin salati harshen ya ƙi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta.

Likitan da ya duba ta ya tambaye ni yaushe ta fara rage maganin. Na faɗa masa. Sai ya ce da na kawo ta ranar da na sani, da a ranar za su auna ta su ba ta, ba sai an jira kowa ba. Wannan maganar har yau tana cina. Ni da ake cewa na yi boko, na zauna ina jiran hoton kwali.

A kwana na uku bakinta ya ɗan saki. Na ajiye kunyar gefe, na durƙusa a bakin gadon na ce, "Inna, don girman Allah, mi ya hana ki faɗa mani?" Ta kawar da kai, ta dubi matata, ta yi magana da ƙyar. "Ki ce mashi ya tashi. Na ga mutum na fita tun da asuba, ga karatu, ga mai jego. Ban so in ƙara mashi da nawa."

Na fita waje na yi kuka mai isata.

Inna tana nan da ranta a Kusada. Tana jan ƙafar hagu, hannun kuwa bai sake ɗagawa ba. Duk wata ni nake kiran ƙanwata ta je ta ƙirga mini ƙwayoyin ina ji, don na san ko saura ɗaya ba za ta faɗa ba. Jikan nata yanzu har gudu yake yi. In mun je gida yakan faɗa jikinta ya miƙa hannu ta ɗauke shi, sai ta shafa kansa da hannun dama ta ce a zo a ɗauke shi kada ya faɗi.