Filayen Kawu Idi

"Wannan ba haɗama ba ce," in ji Kawu Idi, yana ta faman neman wurin ajiye mota a unguwar Morris Heights.

Ƙanin mahaifiyata ne, direban tasi. Ya ɗauko ni daga jami'a, ina ba shi labarin aikin da aka ba mu: sharhi kan wani tsohon gajeren labari na Rasha. Labarin wani manomi ne da aka ce masa duk ƙasar da ya zagaye da ƙafa kafin rana ta faɗi tasa ce. Ya yi ta ƙara nisa har ya yanke jiki ya mutu.

Na ce, "Haba Kawu, in ba haɗama ba mece ce? Ni dai haka na rubuta."

Ya ce, "Ɗana, tsoro ne. A gabana aka sayar da gonar babanmu saboda yunwa. Wanda ya taɓa rasawa bai san inda zai tsaya ba."

Dariya na yi, wallahi.

Shi duk abin da ya samu, fili yake saya a Kano. Hotunansu na cikin wayarsa, kowa sai ya nuna masa. Kullum "baɗi zan koma."

Makon jiya zuciyarsa ta buga a cikin motar. Kun san ba ma ajiye gawa. Washegari muka binne shi a New Jersey. Filayen nan ko ɗaya bai taɓa takawa ba.

Yau malamarmu ta dawo min da sharhina, har da yabo. Na kasa karantawa.

Allah ya jiƙan Kawu. Ku da kuke nan kuna gini a gida, ku gaya min gaskiya: haɗama ce ko tsoro?