Kafaɗar Inna

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, Inna kuwa mutuniyar Maraɗi ce ta ainihi, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "Babu kowa gidan ga ne?" Ni kuwa in tashi in ɗebo. Tana da ƙuruciya babanmu ya kawo ta Yamai, lokacin da ya kama sana'ar itacen gini a kasuwar Katako. Ta koyi Zabarmanci, ta iya ciniki da shi har ta kayar da mai kaya, amma wannan kunya ba ta baro ta a tasha ba. Auta kuwa, ƙanwarmu ta ƙarshe, da aurenta da ƴaƴanta sai ta zo ta baje kai a cinyar Inna ana yi mata susa.

Na ɗauka na saba, sai da kafaɗar Inna ta dama ta sandare. Da ɗan ciwo abin ya fara, in ta miƙa hannu za ta sauko da kwano. Kafin damina ta wuce ta kasa ɗaura ɗankwali, kabbarar sallah ma hannun a ƙirji yake tsayawa. A asibiti lokotoro ya dubi hoton ƙashi ya ce ba karaya, ba targaɗe, gaɓar ce ta kulle, kuma masu ciwon suga sun fi gamuwa da haka. Ya tura mu wurin kine, wata mata mai tausa da motsa gaɓoɓi, a wani ɗan asibiti wajen Gaweye.

Ni na rufe keken ɗinkina na kai ta. Ni na tsayar da taksi, ni na riƙe jaka, ni na tare mata ƙofa kada a buge hannun. Amma da matar ta ce a sauke riga, sai Inna ta zauna ƙiƙam, ta ƙi motsi har sai da na fita. Auta, wadda ta iso daga unguwar Koira Kano a makare tana zuba ƙamshi, ita aka bari ciki, ita aka koya wa aikin: a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a murza da man kaɗanya daga wuya zuwa allon kafaɗa, sannan a ɗaga hannun a hankali.

Daga nan kullum bayan la'asar Auta za ta zo, a saki labule. Aikina dafa ruwa. In miƙa shi ta gefen labulen, in koma kan keke a tsakar gida ina sauraro.

"Wayyo Allah! Ke Auta, kashe ni za ki yi? Ja'ira, mai hannu kamar taɓarya!"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Inna, kala suru, saura kaɗan." Wai sai haƙuri, da Zabarmancin mijinta. Can kuma in ji su duka biyun suna dariya ƙasa-ƙasa.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Mace da furfura a goshi, da ƴa har ta isa aure, ina zaune ina kishin ƙanwar da na goya a bayana. A cikin kwanakin nan na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, na kuma yi mata faɗa da ta nuna mini.

Ana nan sai aka yi rasuwa a dangin mijin Auta a Doso, dole ta tafi. Kine kuwa ta ce kada a yi fashi, in an bar kafaɗar za ta ƙara kullewa. A bakin ƙofa Auta ta koya mini, tana gyara mayafi.

"Yaya, ba shi da wuya. Ki ɗaga sannu-sannu. Da ta yi ƙara ki tsaya nan, kine ta ce iyakar ke nan. Kada ki wuce."

Allah ya yafe mini, rasuwa aka yi amma ni murna nake.

Da la'asar na shiga da ruwa. Inna ta juya fuska ga bango, ta zame riga daga kafaɗa ɗaya kawai. Na lakato man kaɗanya. Fatarta laushi, ga wasu tsofaffin tabon ƙaho a bayanta waɗanda ban taɓa sanin tana da su ba. Na gasa, na murza, na daɗe ina murzawa fiye da yadda aka ce. Sannan na kama gwiwar hannun na fara ɗagawa, ina jiran ƙara. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na wuce inda Auta ta nuna mini take kaiwa, har hannun ya kusa kunne, Inna ko tari. Gumi na gangara a wuyanta, na ce zafin Yamai ne. A raina kuwa cewa nake, ashe dai hannun Auta ne ba ya da albarka. Washegari na maimaita, har na ƙara, ina Allah-Allah Auta ta dawo ta ga aikin manya.

Da safe na tarar da kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi rau. Inna ta kasa kai koko baki, da hagu take sha. Da na ɗauki zanen da ta lulluɓa da shi jiya don in wanke, sai na ga bakinsa duk shaidar haƙori, har ya huje a wuri ɗaya. A nan na gane. Matar da ba ta iya kiran sunana, ina za ta yi ihu a gabana?

Na durƙusa na ce, "Inna, don mi ba ki ce da zahi ba?"

Ta dubi ƙofa ta ce, "Kokon ga ya huce."

Da Auta ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta duba kafaɗar, ta rafka salati. "Inna, mi ya samu wurin ga? Mun koma baya sarai!" Ta juyo ta kafe ni da ido. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta riga ni.

"Bisanta na kwana. Barci ɓarawo ne."

Auta ta ɗora yatsa ɗaya a wurin, ɗaya tak, Inna ta kurma ihu har kajin maƙwabta suka watse. "Wayyo! Muguwa, ƴar banza, ba ki ga ta kumbura ba?"

Sai da aka koma wurin kine, aka hutar da hannun, aka sake farawa daga tushe. Ya ɗauki watanni, amma kafaɗar ta saki. Yau Inna tana ɗaura ɗankwalinta da kanta, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce masa hannun Auta magani ne.

Na san asirina ta rufa. Na san irin son da ake yi wa ɗan fari ke nan a wurinsu, tsofaffi sun sha gaya mini, ban kuma musa ba. Amma ni na ji mata ciwon nan, da hannuna, Auta aka zaga. Zagin nan nawa ne, shi ma ita aka ba.