Masu Gadi Uku a Kwamfutar Baba Tocila

Baba Tocila ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ƙofar wani sito na kayan gini, kan benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da tocila a aljihu ko da rana tsaka. Daga nan sunan ya bi shi. Ya bar aiki da ciwon gwiwa da kuma ra'ayi guda da ba ya sauka daga kansa: mai gadi ɗaya ba ya isa, don komai ƙoƙarinsa sai ya yi gyangyaɗi.

Autarsa da ke zaune can nesa ta aiko masa da kwamfuta don su riƙa ganin juna. Ana nan sai ga albishir: ta haihu, mace, kuma ranar Asabar da yamma za ta kira ta nuna musu jaririyar. Tsoho ya kasa zama. Ya gaya wa mai wanki, ya gaya wa mai faci, har wani direba da ya tsaya tambayar hanya sai da ya sha labari.

Mai facin ne ya jefa shi cikin tsoro. "Baba, ka yi hankali da bairos, cutar kwamfuta. Ɓarawo ne marar ƙafa. Ya shiga kwamfutar surukina, ba ta sake kunnuwa ba."

"Ɓarawo? A gidana?"

Ya koma ya zauna, yatsa kan gilashi, yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya har ya gano manhajojin tsaro. Wata mai hoton garkuwa, wata mai kwaɗon ƙofa, wata mai kare. Ya saka duka ukun.

"Ɗaya ƙofar gaba, ɗaya ta baya, ɗaya zagaye," ya ce wa matarsa yana tafa hannu.

Asabar da safe kwamfuta ta kama huci kamar tsohuwar mota a kan tudu. Saƙo na fitowa kan saƙo. Mai garkuwa ya ce ya kama ɓarawo, ashe mai kwaɗo ya damƙe. Mai kwaɗo ya kulle mai kare. 'Yar kibiyar nan da ke yawo kan gilashin ta tsaya cak.

Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Malam, ma'aikatanka fa kokawa suke! In na rasa ganin jikata yau, kai da benci za ku kwana."

Ya naɗe kwamfutar da tawul, ya rungume ta sai wajen mai gyara, wata mata da ke da ɗan shago ƙarƙashin bene.

"Baba, waɗannan ba sa zama ɗaki ɗaya," in ji ta tana danne dariya. "Kowanne gani yake ɗan'uwansa na laluben kaya. Ɗaya za ka zaɓa."

"In sallami mutum bai yi laifi ba, 'yata?"

"Ko ka sallama, ko ka ga jikarka ranar aurenta."

Ya gyara zama, ya haɗe fuska irin ta manyan sito. "To, wannan mai karen, wa ya tsaya masa?"

"Babu. Ban ma san daga ina ka kwaso shi ba."

"Ya fita. Mai kwaɗon fa?"

"Amintacce ne, amma ci gare shi. Shi kaɗai yake shanye ƙarfin na'urar."

"Na yi aiki da irinsa. Mai garkuwa?"

"Ba ya surutu, kuma kullum yana sabunta kansa, yana sanin sababbin ɓarayi."

"Ba ya gyangyaɗi?"

"Ko ƙifta ido."

Ya sauke numfashi. "Bar shi. Shi kuma mai kwaɗon, ki cire shi a hankali. Ba don halinsa ba ne."

Da ta gama, rana ta karkata. Mutanen layi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Baba Tocila na sassarfa, gwiwa na ƙara, tawul na kaɗawa. Yana ajiyewa kan tebur kira na shigowa.

Fuskar auta ta fito, sannan wata 'yar fuska mai tattara, ido a rufe. Matarsa ta ture shi da kafaɗa, ya ture ta, kawunansu suka gwabzu.

"Baba, matsa baya mana," in ji auta tana dariya. "Hancinka kawai muke gani!"

Bai matsa ba. Jaririyar ta yi hamma, shi ma ya buɗe baki ya taya ta.