Shekarar da Na Zama Idon Yaya Abakar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da yayana Abakar daga gidanmu na unguwar Ambassatna a kan makara. Duk shekara in watan ya zagayo a lissafin Musulunci mukan yi sadaka, maƙwabta su zo su yi fatiha, a sha shayi a watse. Bana sadakar kaɗai ba ta ishe ni ba. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun ina 'yar shekara goma sha tara, kuma ina so in faɗe ta a gaban jama'a, musamman waɗanda suka zauna a ajinsa, don na san da yawansu suna karanta wannan jarida.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Abakar malamin Ingilishi ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a nan Njamena. Ɗalibai suna ce masa Mesiye Abakar. Mu jikokin alhazan hanya ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya iso bakin kogin Shari ya ce bari ya ɗan huta, hutun ya kai har jikoki. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci, a makaranta Faransanci. Yaya ya ƙara wa kansa harshe na huɗu, ya so shi fiye da kima. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ne ya riƙe gidan: mahaifiyarmu da muke kira Iya, matarsa Kaltuma, 'yarsu jaririya, sai ni.

Shekarar da na shiga terminal, ajin ƙarshe kafin jarrabawar kammala sakandare da muke kira bak, sai na faɗa ajinsa. Mun fi mu tamanin, uku uku a benci, wasu huɗu. A ranar farko ya ce ya gaji da koyar da gutsattsarin labarai, bana za mu karanta littafi guda tun daga farko har ƙarshe. Wani tsohon littafi ne na wani marubuci Ba'amurke, irin wanda aka ce yaran can suna karantawa a makarantunsu. Kwafi ɗaya tak gare shi, bangon ya yage, ya manna masa kwali. Shi yake zama ya buga shafukan a tafireta, a juya su a injin makaranta, su fito da shuɗin tawada mai warin barasa, kowane benci takarda ɗaya.

Labarin wasu talakawa ne da zama ya gagare su a ƙasarsu, suka ɗaure kaya suka kama hanya zuwa inda aka ce akwai sauƙi. Mu da muka san Amurka a fim kawai, mamaki ya kama mu cewa can ma akwai mai kwana da yunwa. Ina tuna ranar da ya rufe littafin ya ce, “Wanda gidansu ba su taɓa ɗaure kaya sun gudu daga wani wuri ba, ya ɗaga hannu.” Babu hannun da ya tashi. Wasu fari ya koro iyayensu, wasu yaƙi. Daga ranar littafin ya zama namu. Yaran da ba su iya haɗa jimla biyu ba suka shiga musu da karyayyen Ingilishi kan ko uban gidan ya yi daidai da ya tafi.

Tun kafin wannan lokaci ya fara rama. Kullum yana cikin shan ruwa, Iya tana cewa aiki ne ya yi masa yawa. Wata rana bayan la'asar, cikin watan sanyi, ya kira ni gindin dalbejiyar tsakar gida ya miƙo min littafin.

“Zulai, karanta min wannan shafin.”

Na ɗauka gwada ni yake. Na karanta, ya gyara min lafazi biyu. Can ya ce, “Ba na ganinsa. Wata biyu ke nan haruffan suna narke min.”

Ashe ya riga ya je asibiti a ɓoye. Ciwon suga ne, kuma ya taɓa idanu. Likita ya ce ya tafi Marwa, can Kamaru, wajen masu aikin ido, ya kwanta makonni ana daidaita jinin. Yaya ya ce in ya tafi, ko in hukumar makaranta ta ji, za a cire shi daga aji, kuma babu wani malamin Ingilishi da za a kawo wa 'yan terminal kafin ƙarshen shekara.

“Ki bari a yi bak. Wata shida ne kawai. Ranar da aka gama, da kanki za ki raka ni tasha. Amma ki rantse min Iya da Kaltuma ba za su ji ba.”

Na rantse. Shi ne babba, shi ne malamina, ban taɓa ce masa a'a ba.

Haka muka shiga. Kullum bayan la'asar in karanta masa shafi uku ko huɗu, ya yi ta maimaitawa yana kaɗa kai kamar mai tilawa, har su zauna masa. Ni na karɓi bugun tafireta. Takardun jarrabawar 'yan ajinmu ni nake karanta masa, ya faɗi maki, in rubuta da jan biro ina kwaikwayon hannunsa. Ya ajiye babur ɗinsa ya ce inji ne ya lalace. Da safe mu fita tare a ƙafa, ina gaba da rabin taki, in mun zo kwata in yi tari. A aji sai ya buɗe littafin a tafin hannunsa, ya yi ta zubo Ingilishi yana juya shafi a daidai inda ya kamata. Wallahi ban taɓa jin ya koyar da kyau kamar wannan shekarar ba, kuma duk lokacin da ya juya ga allo zuciyata kamar ta fito.

Kaltuma ba yarinya ba ce. Ta ga yana lalube kafin ya ɗauki kofin shayi. Ta ga ya daina ɗaga 'yarsa sama yana cafewa. Wata rana ta tare ni a kicin, ta riƙe min hannu ta ce, “Zulai, ki dubi Allah ki gaya min abin da ke damun yayanki.” Na dube ta ido cikin ido na ce gajiya ce kawai. A cikin duk abin da na yi a shekarar, wannan ne ya ƙi barina.

Wani lokaci ina tambayar kaina me zai ce da ya ga garin yau. Ni ma malamar Ingilishi ce yanzu, a wata makaranta a Toukra. Mun bar Ambassatna, ni da Iya muna zaune a Gassi, inda a zamaninsa daji ne, yanzu sai sababbin gidaje masu dogayen katangu. Mota biyu nake shiga kafin in isa aji. Ɗalibaina suna da waya a aljihu. In na ba su labari su karanta, sai ɗaya ya shiga siber, wato shagon intanet, ya bugo taƙaitaccen bayaninsa, saura su kwafa. Na san da zai yi faɗa, sannan ya ja kujera ya ce a nuna masa yadda injin yake aiki. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne yau ana gwada suga da ɗan tsinke a kantin magani na bakin titi, cikin minti guda. Da abin ya zo masa a wannan zamani, anya zai iya ɓoye mana? Ko kuwa halin mutum ba ya duba zamani?

A tsakiyar bazara, lokacin da rufin kwanon ajin yake gasa mu, sai ga sufeton makarantu ya shigo babu sanarwa, tare da mataimakin shugaban makaranta. Suka zauna a baya. Yaya ya fara darasi lafiya lau. Can sufeton ya taso, ya karɓi littafin ya jujjuya, ya buɗe wani wuri can gaba da ba mu kai ba, ya miƙa masa ya ce yana so ya ji yadda zai gabatar da wannan sakin layi. Yaya ya riƙe littafin. Na ga zufa tana ɗiga daga haɓarsa a kan takardar.

Sai wata yarinya 'yar kudu mai suna Denemaji, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta miƙe ta ce da Faransanci, “Mesiye, yau ni ke da karatu, kun yi min alkawari.” Ta taka ta zare littafin daga hannunsa ta karanta da ƙarfi, a hankali, kalma kalma. Tana gamawa wani ya ce bai ji ba, ta sake. Kafin ta kai ƙarshe karo na biyu Yaya ya kama zaren, ya shiga bayani. Sufeto ya fita yana yabon yadda malamin yake sa ɗalibai gaba.

Da aka tashi na je in gode mata, ban san ma yadda zan fara ba. Ta ce min da Larabci, “Dukkanmu mun sani, Zulai, tun tuni. Ba ki lura ba kowa sai ya faɗi sunansa kafin ya yi magana?” Ban lura ba. Ranar na yi dariya har da hawaye, ni da Yaya muka koma gida muna ba juna labarin kamar mun ci yaƙi. Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. Mutum tamanin muna son sa, mun haɗa kai muna taya shi ɓoye ciwo, ba a samu ko ɗaya da ya je ya ƙwanƙwasa wa mahaifiyarsa ƙofa ba.

Saura mako biyu a yi bak, saura babi uku mu ƙare littafin, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo. Ƙafafunsa sun daɗe da kumbura, yana rufe su da dogon wando. A asibiti aka ce abin ya wuce idanu, ya kai ƙoda. Likitan ya dubi Iya da Kaltuma ya ce, “Tun yaushe ya daina gani?” Kaltuma ta juyo ta dube ni. Na ce tun sanyi. Likitan ya cire tabarau ya goge fuska, ya ce da a lokacin aka kawo shi, da magana ta bambanta. Iya ta zauna a ƙasa a nan barandar.

Kwana tara ya yi. Da rana in na zo yakan ce in karanta masa, ba don ya haddace ba, don kawai ya ji. A rana ta bakwai ya ce in tara 'yan aji mu ƙarasa sauran babin, kada mu shiga jarrabawa da labari a rataye. Ni da Denemaji muka yi hakan a gindin wata bishiya a harabar makaranta, kwana biyu bayan an binne shi. Muna karatu muna kuka. Mafi yawanmu mun ci bak. Kaltuma ta gama takaba ta ɗauki 'yarta ta koma gidan iyayenta, shekara huɗu ba ta amsa sallamata ba. Iya kuwa ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya.

To me ya rage na Yaya Abakar? Ina haɗuwa da ɗalibansa a ko'ina. Akwai ungozoma, akwai mai fassara, akwai malamai irina. Duk wanda ya gane ni sai ya tsaya ya ce Mesiye Abakar ya ba da ransa saboda su, ya kawo min wata jimla daga littafin da har yau take bakinsa. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya koya mana cewa wahalar wani a can ƙarshen duniya tana iya zama tamu, kuma wannan bai mutu ba. Amma ina roƙonku ku daina kiran abin da ya yi jarumta a gabana. Shekararsa talatin da shida. Da ya bar aji ɗaya ya tafi Marwa, da wataƙila ya koyar da aji talatin. Da 'yarsa, wadda yanzu take ta tambayata yadda muryarsa take, ta ji ta da kunnenta. Allah ne mai rayawa da kashewa, na sani, na kuma yarda. Sai dai sanin bai taɓa rage min nauyin ba.

Ga dalilin da ya sa na yi wannan rubutu bana. Cikin makon nan aka gwada ni, aka sami irin ciwonsa. Akwai wani ɗan duhu da ya fara tsaya min a gefen idon hagu. Likita ya ce in tafi Marwa, kada in ɓata lokaci. Na fito daga ofishinsa na shiga motar Gassi, kafin mu kai rabin hanya na tsinci kaina ina lissafi: 'yan terminal ɗina ba su da wani malami, saura wata huɗu ne kawai a yi bak. Sai na gane irin lissafin Yaya ne nake yi.

Ina isa gida ban ko cire mayafi ba na durƙusa gaban Iya na gaya mata komai, har da lissafin da na yi a mota. Ta tsufa sosai yanzu, da ƙyar muryarta take fita. Ta ce in miƙo mata carbinta, na miƙa. Sannan ta ce, “Gobe ki kai musu takardar hutu, jibi mu tafi tare. Na ba makaranta ɗaya, Zulai. Ba zan ba ta na biyu ba.”

Allah ya ji ƙan Yaya Abakar, ya haskaka masa kabarinsa, ya yafe min. Takardar tana hannun shugaban makaranta, ranar Alhamis za mu kama hanyar Marwa.